Daminar da Inna Ta Ajiye Moda

Bana ruwa ya yi yawa a Birnin Kebbi. Kwalbatin da ke bayan layinmu a Nassarawa ya cika ya tumbatsa, ya kwaso leda da duk ƙazantar gari ya ajiye mana a ƙofar gida. Da amai da gudawa ya fara kwantar da yara, mai unguwa ya tara mu aka kafa kwamiti: matasa su yashe magudanan ruwa duk Asabar, ma'aikatan asibiti su kawo ƙwayar tsabtace ruwa da ake jefawa a randa, mu tsofaffin mata kuma mu bi gida gida muna rabawa, tunda babu zauren da ake hana mu wucewa. Ni dai na san don bakina aka sa ni. Ba kasafai ake yi mini musu sau biyu ba.

Ran nan da hantsi muna tsaye a bakin layi, sai Rabi, matar ɗan maƙwabcina, ta nuna gidan Dije mai daddawa da haɓa. Dije tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da jikokinta. Rabi ta rage murya ta ce, "Gidan ga kam, Allah shi kyauta. Dama da hagu an kwanta, su ko ciwon kai." Sauran matan suka kalli juna. Ni kuwa na san irin muryar nan. Na taɓa jin ta a Argungu, kuma a kan uwata aka yi ta.

Shekarar da na haifi Bello ce, ɗana na fari, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu. Da cikin ya tsufa aka mai da ni gida wajen Inna, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Mijina tela ne a nan Birni, mutum mai tsoron a ce ya gaza, saboda haka tun da bazara ya aika da itacen jego mota guda, da gangar tafasa ruwa, da kanwa. Inna ta jera itacen a ɗakin marigayi babanmu har ya kusa taɓa rufi. Maƙwabta suna leƙowa suna tsokana, wai ko 'yan biyu aka yi wa alkawari.

Inna Kulu ita ke wanke gawar mata a unguwarmu. Ba sana'a ba ce, ba ta karɓar komai, ta gada ne daga kakarta. Tana da ƙwarya guda da sabulu da tsumma fari da take ajiyewa daban a kan randa. In an yi rashi aka aiko, sai ta yi bisimilla ta ɗauka ta fita. Kowa yana girmama ta a kan haka, yara suna rige-rigen ɗaukar mata kaya in ta dawo daga kasuwa.

Na haihu da tsakiyar damina, ruwan kuwa bai tsaya ba. Ba irin mai tsawa da iska ba ne, wanda zai zuba ya wuce. Wani siririn ruwa ne mai naci, a kwana ana yi a wuni ana yi, har katanga ta jiƙe ta fara zubewa da kanta. Gulbi ya cika ya haura fadama, shinkafar da ta fara ciki ta nutse, ba a ganin ko kan ganyenta. Daga nan ya shigo bakin gari ya kwanta a lunguna, ba ya gudu, ba ya ƙafewa, launinsa kamar kunun da aka manta a kwano. Masai suka cika suka amayar da abin da ke cikinsu. Rijiyar unguwa, wadda a da sai igiya ta ƙare kafin guga ya taɓa ruwa, ta zo har baki, yaro ma zai iya ɗiba da kwano. Mutane suka ce Allah ya kawo sauƙi.

Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Tafasa da rama aka koma, sai bado da masunta ke kawowa. Itace kuwa ya fi hatsi wuya, don duk wanda ke waje ya sha ruwa, in an hura sai hayaƙi mai sa hawaye. Gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya a wuni, wasu ma su jiƙa gari da ruwan rijiya su sha su kwanta.

Mu kuwa wuta ba ta mutuwa a gidanmu. Safe da yamma Inna tana tafasa ganga guda, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mini a jiki ina kuka ina roƙonta, tana cewa in rufe mata baki, ita ma haka aka yi mata. Mai jego ba ta shan ruwan sanyi, don haka akwai tukunya ta biyu ta ruwan sha, daga ita ake dama mini kunun kanwa. Inna ba ta son wahalar randa biyu, sai kowa a gidan ya koma shan nawa in ya huce. In ta dawo daga wankan gawa kuma ba ta taɓa jariri sai ta yi wanka da sauran ruwan zafin da sabulu, ta jefa zanenta a ganga. Ba don ta san wani abu na asibiti ba, ita dai a wajenta ba a ɗaukar sabon rai da hannun da ya taɓa mamaci.

Ciwon, amai da gudawa irin wannan na yanzu, ya fara ne daga gidajen bakin ruwa. Mutum zai tashi lafiya, kafin azahar ya zube, kafin washegari idonsa ya faɗa, fatar hannunsa ta yamutse kamar ya wuni yana wanki. Aka fara zuwa kiran Inna da safe, aka koma safe da yamma, har ta kai tana fitowa daga wannan gida ana jiranta a ƙofar wancan. A kowace ta'aziyya akwai randa a zaure da moda guda, duk wanda ya zo gaisuwa zai sha. Bayan kwana kaɗan sai a koma gaisuwa gidan wanda ya zo gaisuwar.

Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Unguwar da tun asuba ake jin luguden turmi ta koma babu daka, babu tallar fura, babu yaran da ke faɗa a kan lungu. Kwaɗi kaɗai ke kuka, har da rana tsaka. Ungulaye suka jeru a kan rufin mahauta ba sa tashi ko an jefe su. Wata rana na leƙa ta kan katangar da ta zube, na ga jirgin wani masunci yana yawo shi kaɗai a kan ruwan da ya rufe gonar albasa, da ƙwaryar kifinsa da hularsa a ciki. A duk faɗin unguwar kuma hayaƙi guda ne ke miƙewa sama safe da yamma, na gidanmu. Ni da nake ciki ma da na gan shi haka sai da gabana ya faɗi.

Ban san wanda ya fara maganar ba. Na dai lura yara sun daina shigowa ganin jariri. Matar da ke kawo mana nono ta koma tsayawa a zaure ta miƙo ƙwarya da tsawon hannu. In Inna ta ratsa lungu, sai ka ji uwa ta kira ɗanta ciki da sunan da ba nasa ba. Amma ba su daina kiranta wanka ba, don babu wadda ta yarda ta taɓa gawar. Sukan aiko, ta je ta wanke musu 'ya ko uwa, ta fito, su bi bayanta da ido. Lissafin da suka yi mai sauƙi ne: matar da ta taɓa kowace gawa a unguwar, ita da 'yarta da jikanta ko zazzaɓi. Kalmar ba a faɗe ta a gabanmu ba, amma kowa ya san mayya ake nufi.

Na tambayi Inna ko ta ji abin da ake cewa. Ta ce in kula da nonon ɗana. Sai dai daga ranar na ga tana cin tuwonta tana kallon bango.

Gwaggo Tumba ce ta kawo maganar har tsakar gida. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, tare suke zuwa sussuka, a gidanmu take ajiye kuɓewarta in za ta Augie. Ciwon ya ɗauke mata 'ya da suruki a mako guda, ya bar mata jika ɗaya, Sani, wanda bai daɗe da yaye ba. Da la'asar ta shigo ba sallama, yaron a kafaɗa, kansa yana lilo. Mata kamar biyar suka biyo ta suka tsaya a bakin zaure. Ta shimfiɗa shi a ƙasa gaban Inna, ta durƙusa.

"Kulu, don Allah don Annabi ki tsallake shi," ta ce. "Shi kaɗai yar rage min."

A wajenmu in ana zargin an kama kurwar mutum, wanda ake zargin ake sa ya tsallake marar lafiya don ya sake shi. Inna ta daɗe tana kallon ta. Ni ina ɗaki riƙe da Bello, na kuwa gane tarkon: in ta tsallaka ta amsa sunan, in ta ƙi kuma yaron ya mutu, ita ta kashe shi.

"Tumba," ta ce a hankali, "ni kinka hwaɗa ma wagga magana? Ni da niw wanke uwarki?"

Gwaggo Tumba ba ta ɗago ba, kuka kawai take yi.

Inna ba ta tsallaka ba. Ta sunkuya ta ɗauki yaron ta zauna da shi a cinya, ta ce in kawo ruwan tukunyata da gishiri da sukarin da mijina ya aiko. Garba dubagari ya bi unguwa a kan kekensa kwanakin baya yana koya wa mutane wannan haɗin, amma da yake an saba ganinsa ne in ya zo cin tarar masu ƙazanta, yawanci rufe ƙofa aka yi. Inna ita ta tsaya ta saurare shi. Cokali cokali ta riƙa ɗura wa Sani, ya amayar, ta goge ta sake. Asibiti babu hanya, ruwa ya yanke ta, waɗanda suka isa ma a baranda aka kwantar da su. Kwana biyu yaron yana gidanmu. A na uku ya buɗe ido ya nemi kunu.

Na yi murna kamar wawuya, na ce shi ke nan an wanke ta. Kafin yamma labari ya zaga unguwa cewa Kulu ta sake shi.

Garba dubagari ne ya ga abin da idonmu bai gani ba, don shi yana shiga ko'ina. Ya je wa mai unguwa da cewa gidajen da ciwon ya tsallake ba namu kaɗai ba ne. Akwai wani gidan jego a can gabas, akwai gidan mai shayin tasha, kuma abin da ya haɗa su duka tukunya ce a kan wuta. Su waɗancan ba wanda ya zarge su, da yake ba sa taɓa gawa. Ya ce shi kaɗai da kekensa ba zai iya komai ba, gida ɗaya ma ba zai iya ba tunda babu itace, sai dai a yi gayya kamar ta noma.

Aka yi ta kuwa. Liman ya faɗa a masallaci cewa a kawar da randar ta'aziyya in ba dafaffen ruwa ba ne a ciki. Masunta suka ɗauki alkawarin tura jirage can tudu su sari busasshen itace. Maƙera suka fasa bakin ganguna. Samari suka shiga ruwa har cinya da fartanya da kwando suna buɗe masa hanya ya koma gulbi, wari yana sa su amai suna ci gaba. Aka ɗora ƙyaure a bakin rijiya aka danne da duwatsu har sai an kawo magani an zuba. Mata kuma za su tafasa ruwan unguwa duka a wuri guda, ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar mai unguwa, kowane gida ya zo ya ɗiba.

Saura itacen ranar farko, don jiragen ba za su dawo da wuri ba. Inna ta buɗe ɗakin babanmu ta ce a kwashe. Ban yi arba'in ba, na ce mata dangin mijina za su ce an yanke mini wanka, in na kumbura wa zai ɗauki laifi? Ta ce ita za ta ɗauka, ta saba. Samari suka yi ta jida, amma na lura ba wanda ya yarda ya karɓi itace daga hannunta, sai ta ajiye a ƙasa su ɗauka.

Ita ta hura wutar, don babu wadda ta kai ta sanin babbar ganga. Da hantsi ruwan ya tafasa, aka juye a sababbin randuna ya huce. Na saɓa al'ada na fito da Bello a baya don in gani. Mata sun cika gindin ceɗiya da tuluna da bokitai, leɓunansu a bushe, wasu da yara a kafaɗa. Rana ta ɗan leƙo, tururi yana tashi daga ƙasa. Inna ta ɗauki moda ta cika, ta miƙa wa ta gaba.

Babu wadda ta motsa.

Garba ya karɓa ya sha a gabansu har yana zubo masa a riga. Wata daga baya ta ce ai shi an yi masa allurar turawa. Na sha, ba wanda ya ko kalle ni, jinin gida ɗaya ne. Garba ya juya wajen mai unguwa, mai unguwa ya duƙar da kai yana gyara carbinsa. Na nemi Gwaggo Tumba da ido na same ta a tsakiya, Sani a bayanta yana cin yatsa, lafiyarsa lau. Kurɓa ɗaya daga gare ta ta isa. Ta kalli modar, ta kalli Inna, ta mai da idonta ƙasa.

Inna ta juye ruwan a randa. Ta kifa modar a bakinta, ta goge hannu da gefen zane, ta ce da Garba, "Malam, a ba wata ta raba. Ƙishi garesu." Ta juya ta kama hanyar gida, na bi ta. Ba mu kai kwanar lungu ba muka ji tuluna suna karo da juna a bayanmu, da ƙarar ruwa yana zuba a bokiti. Ba ta waiwaya ba. Ni na waiwaya, kuma har yau ban yafe abin da na gani ba.

Ciwon ya ja baya bayan haka. Jirage suka riƙa kawo itace, wuta ba ta mutu ba a gindin ceɗiya har ruwa ya janye, lugude ya dawo, aka girbe ɗan geron tudu. Masu hankali suka ce gayyar ce, da ikon Allah. Wasu kuma suka ce tun ranar da Kulu ta ajiye moda a gaban jama'a abin ya lafa, kowa ya fahimci abin da ya fahimta. Da mutuwa ta koma irin ta kullum, aka sami wasu matan da za su yi wanka, ba a sake aikowa gidanmu ba. Ƙwaryarta da farin tsummanta suna nan a kan randa, tana wanke su duk Juma'a. Bayan shekara biyu ta koma Augie wajen ƙanenta, can ta rasu. Gwaggo Tumba ta taɓa aika mata shinkafa kwano guda, ba tare da saƙo ba. Sani yana nan da ransa, babban dillalin albasa ne, in mun haɗu yana gaishe ni da ladabi. Ban san wane labarin aka ba shi ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu akwai famfo, akwai ƙwaya, akwai motar asibiti da ke shigowa har lungu, yaran kwamiti suna kiran juna a waya. Amma da Rabi ta rage muryar nan, sai na ji warin jiƙaƙƙen itace a hancina.

Na ce da matan su biyo ni. Na tsaya a ƙofar Dije na yi sallama da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Ta fito tana gyara ɗankwali, ta ga taron da ke bayana, sai fuskarta ta canza. Ashe ta riga ta ji. Ta dafa ƙyaure, kamar mai jiran a faɗi kalmar.

Na ce, "Dije, ƙishi nika ji. Ba ni ruwa in sha."

Ta tsaya kamar ba ta gane ba, sannan ta shiga ta fito da moda cike. Tun kafin in kai baki na ji warin ƙwayar da muka raba, wadda rabin layin suka zubar wai tana ɓata ɗanɗanon fura. Ita ba ta zubar ba. Na sha, na sha, har na ga gindin modar, ruwa yana bin haɓata. Na ce ta ƙaro. Ta ƙaro.

Na juya na miƙa wa Rabi, ban kuma sauke hannuna ba sai da ta karɓa.